Na Rubuta "Madalla" a Ƙarƙashin Rasuwar Mahaifiyarta

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, na riga na zagi kaina.

Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare a Jalingo. Na sa 'yan aji biyu kowa ya ware littafi guda, duk Juma'a in mun karanta labari ya rubuta abin da labarin ya tuna masa. Da bakina na ce musu, "Ni kaɗai zan gani, kuma layi ɗaya ba zai wuce ni ba." Da farko ina karantawa har in ba da amsa. Amma aji ya cika maƙil, ga girki, ga nawa yaran. Sai na koma buɗe shafin ƙarshe kawai, in zuba jan biro: "Madalla, ci gaba da haka." Wa zai sani?

Akwai Rahila, 'yar garin Iware da ke zaune wurin gwaggonta a unguwar Yelwa. Da can surutu kamar rediyo, sai ta yi tsit. Na ce girma ne ya zo. Ana gab da hutu ta tare ni a bakin aji ta ce, "Malama, kin karanta nawa?" Ko kallonta ban yi ba na ce, "Na karanta mana." Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "To, Malama."

Shekaranjiya ina gyaran kwalin littattafan 'yan ajin sai nata ya faɗo. Mako na farko da na daina karantawa ta rubuta cewa mamanta na kwance a Iware kamar matar cikin labarin. Na biyu: "Malama, idan mutum ya daina cin abinci zai tashi?" Na uku layi ɗaya ne: "Mamana ta mutu ranar Talata." A ƙarƙashinsa ga rubutuna, ja wur. Daga nan ba ta ƙara rubuta komai ba.

Wallahi kunya ta hana ni sakat. Ko salla na tayar, muryarta nake ji tana cewa "To, Malama."

Litinin za a koma makaranta. In na faɗa mata gaskiya, za ta san ta yi ta kira babu mai ji, kuma na yi mata ƙarya. In na yi shiru, za ta girma da yaƙinin na karanta mutuwar uwarta na ce madalla.

Jama'a, me zan yi in ta gaishe ni?