Na'urar da ka bari bisa ɗaki

Zuwa ga maigidana, Malam Sani,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba mai kai maka takardar nan, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Na'urar auna hasken rana tana nan bisa ɗaki inda ka kafa ta. Kwana uku da rufe ka na jingina tsani na hau na goge gilashinta, ina cikin takaba. Kafin azahar zance ya kai kasuwar Malanbil. Wanka, Yaya Idi, ya zo ya ce na kunyata dangi, a sauke ƙarfen nan. Na ce masa rufin ɗakina ma cikin gidana yake, ban fita ko'ina ba. Ya tafi da tsanin. Na aro na maƙwabta.

Me yake so in yi? Da lambobin da muke aikawa mutanen tashar sola ta wajen Madekali suke sanin ko rana za ta cika batir gobe, ko su tanadi gazuwal, wato man dizal, su tada inji. In aka kuskure, famfunan ban ruwan shinkafa su tsaya, kifin matan Garu ya ruɓe a firiji.

Akwai abin da na ɓoye maka. Shekarar da idanunka suka dushe, kana yawan rubuta lamba ba daidai ba. Ni ke bin littafin ina gyarawa kafin a aika. Yabon da suka yi maka, rabinsa nawa ne. Na yi shiru don kada ranka ya ɓaci, kuma ko yau haka zan yi.

Mutanen tashar sun so su kawo mai difloma daga Kotonu ya karɓi aikin. Watan jiya na gargaɗe su hadari zai rufe mu kwana biyu, don lambobin safe suna ta sauka, iska kuma ta juya. Suka ce lissafinsu ya nuna rana tas. Hadarin kuwa ya zo, wuta ta ɗauke ran kasuwa. Shekaranjiya babbansu ya bugo da kansa yana tambayar yadda na ga gobe. Sai da na sauke tukunya na amsa masa.

Ban ce na san gaibu ba, Malam, rana ta Allah ce. Amma shekara tara ina bayanka ina kallon abin da kake kallo. Ba zan bar musu ba.

Allah ya sanyaya makwancinka. Gobe akwai rana har la'asar, na riga na sanar da su.

Taka,
Hajara