Shafe Uku a Bayan Ƙyaure

Zuwa ga Indo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina raye ma ni zan karanta miki, kina dariyar yadda nake jan murya kamar ina gaban aji.

Muna nan lafiya. Azumi ya raba tsakiya, matan unguwa duk sun fara shafe ɗakuna saboda Sallah. Naki ne kaɗai ya rage, hayaƙin fitila ya baƙanta bangonsa. Wata bakwai ina hana kowa taɓa shi.

Kin tuna koren fentin gwangwani da na sayo hannun direban motar gyaɗa mai zuwa Maraɗi? Na ce miki zamanin farar ƙasa da shuni ya wuce. Kika ce bangon laka ba ya riƙe irin wannan, kuma ba a zaɓen launi yana ɗanye, sai ya bushe an gan shi da hantsi, an sake ganinsa da la'asar. Na shafe ɗakina duk da haka. Ya yi duhu kamar rijiya, damina na faɗuwa ya fara ɓarewa. Ba ki taɓa yi mini gori ba, ni kuma ban taɓa cewa kin fi ni gaskiya ba. To, kin fi ni gaskiya, Indo.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Shafe ukun nan da kika yi na gwaji a bayan ƙyaure suna nan: farar ƙasa zalla, da mai ɗan shuni, da wadda kika sirka da jar ƙasar da yayarki ta kawo daga Daddara. Ranar da suka bushe kin kira ni in zo in ga wanda kika zaɓa. Ina duba littattafan ɗalibai, na ce miki sai an jima. Kashegari zazzaɓin ya kwantar da ke. Me ke cikin littattafan nan da ba zai jira ba? Taku nawa ne daga tabarmata zuwa ƙofarki?

Shekaranjiya 'yarmu Binta ta tambaye ni wanne ne zaɓinki, tana so ta shafe ɗakin kamar yadda kika yi niyya. Na gaya mata gaskiya, cewa ban je na gani ba. Ba ta yi kuka ba, ni na yi.

Sai muka bi hanyarki. Jiya mun zauna a ɗakin da hantsi, mun koma da la'asar. Farar tana kashe ido. Mai jar ƙasa tana shanye haske. Mai shunin ce ta sa ɗakin ya yi sanyi, har kwanonin jerenki suka fito. Binta ta ɗora tafinta a kanta, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Gobe za ta kwaɓa mai shunin, ni zan riƙe mata ƙwarya. Mun yi shawara za mu zagaye shafe ukun, don sawun yatsunki na jiki. Idan ba ita kika zaɓa ba, ki yafe mana. Ki yafe mini ni musamman.

Allah ya jiƙanki, ya sada mu da alheri.

Ni ne mijinki,
wanda kike kira Malam.