Lamba Ta Ɗaya

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ciwon bayan nan naka? Jikin Baba da sauƙi, yana ci, yana gane kowa, sai dai baki da hannun dama har yanzu shiru tun faɗuwar nan.

Raina a ɓace nake rubuto maka. Shekaranjiya sabon shugaban ƙungiyar su Baba ta masu kiran juna ta rediyo, mai gilashin nan, ya zo da takarda. Wai Asabar ta ƙarshen wata Baba zai cika shekara bai amsa kiran safe ba, don haka za a kira lambarsa sau uku, in aka ji shiru a ja mata jan layi a rajista. Ka san waɗanda ake yi wa haka, matattu da waɗanda suka watsar. A gaban Baba ya karanta, yana zaune yana kallonsa.

Na tuna wa mai gilashin abin da bai tarar ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da kafa ƙungiyar, su uku ne a ɗakin saman shagon gyaran Baba: shi, da Tela, da marigayi Direba. Wayar tsohuwar fanka suka warware suka ɗaura a gora, ita ce eriyarsu. Shekarar da ruwa ya cinye gada, da wannan eriyar Baba ya kira taimako. Lamba ta ɗaya tasa ce. Mai gilashi ya ce bai musa ba, amma Baba ne da kansa ya rubuta dokar. Abin haushin, gaskiyarsa ce. Na ce ya sha ruwansa ya kama gabansa.

Kada ka ce in yi haƙuri, na san halinka. Ba za a binne sunan ubana yana numfashi ba.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Wasiƙarka ta iso, haƙuri ne daga sama har ƙasa, na ajiye maka kayanka.

Na je na taso Tela. Tun kwanciyar Baba bai leƙo ba, wai zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Na ce ai tamu ma ba ta dutse ba ce. Ya zo ya zauna yana ta kame-kame, sai na ga ya zuba wa hannun Baba na hagu ido. Ka tuna rawar yatsan nan a hannun kujera, wadda muka kai ƙara wajen likita? Ashe ba rawa ba ce. Saƙon ƙwanƙwasa ne irin nasu na da, gajere da dogo, kowane harafi da bugunsa. Tela ya karanta: Baba ya ce masa ya tsufa, kuma ya makara.

Yaya, wata goma sha ɗaya mutumin nan yana yi mana magana, ni kuwa ina riƙe masa yatsa don ya huta. Na shiga ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Da na fito na buɗe akwatinsa na ɗauko ɗan ƙarfen ƙwanƙwasan, Tela ya jona shi da rediyo. Ban gaya wa mai gilashi komai ba, kai ma ka ja bakinka.

Taka,
Auta

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ga labarin Asabar.

Tela ya tafi ɗakin ƙungiya, ni na zauna da Baba a gida, rediyo a kunne. Muka ji mai gilashi ya kira lamba ta ɗaya, da muryar ta'aziyya. Baba bai motsa ba. Ya kira na biyu, shiru. Ashe jan rai ne irin na Baba. Ana kira na uku ya ɗora yatsa ya fara.

Tela ya ce su yaran zamani sun ɗauka ƙarar iska ce, har an ɗora rula a kan rajista. Shi ya dafe shafin, ya miƙe yana karanta musu harafi harafi. Baba ya faɗi lambarsa, ya ce yana nan. Sannan ya ce eriyarsu ta karkace, muryar shugaba kamar daga cikin tulu, a hau a gyara. Tela ya ce mai gilashin da kansa ya nemo tsani.

Yanzu kullum da hantsi ina koyon bugun, kuma Baba ba ya raga mini ko kaɗan. Jiya na karanta kalmata ta farko ba tare da Tela ba. Sunanka ne, Yaya. Sau uku ya buga shi, ya dakata yana jira.

Ni ba zan ja maka layi ba, amma ka taho.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Auta