Zoɓon da Baffa Ya Yi wa Ihu

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigida da yara, ya zaman Legas? Mu nan Batsari sai godiya, ga tsadar hatsi, gona ba ta shiguwa.

Mun dawo daga bikin ƙanenmu Sani a Inugu. Kin tuna da aka yanke mana layin waya, tun daga nan Batsari yake zuwa Katsina don jin muryar Nkechi, amaryar tasa. To, Baffa Idi ya kusa rushe komai.

A al'adar su Nkechi, uban amarya ke ba ta kofin bammi, ta nemo angonta cikin taro, ta durƙusa ta miƙa masa. Tana durƙusawa, Baffa ya zabura yana ihu wai za a ɗura wa ɗansa giya. Ɗansa fa! Mutumin da ko gaisuwar Sani ba ya amsawa! Ashe zoɓo ne, ubanta ya sa aka dafa saboda mu. Dattijon ya kalli Baffa kawai, kunya ta kusa kashe ni.

Ki sa su a addu'a, ki gaida kowa. In Baffa ya kira ki, tambaye shi zoɓon. Kofi uku ya shanye daga baya.

Ƙanwarki,
Hajara