Shafin Ƙarshe Yana Gwangwanin Kezia

Yola,
4 ga Maris, 2024.

Aminina Absalom,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida Kezia da jikoki. Yaya gwiwar? An ce har yanzu da keke kake zuwa gona, ka ƙi yarda ka tsufa. Mu nan lafiya lau, sai zafin Yola da ka sani.

Za ka yi mamakin wasiƙa alhali kana da waya. Maganar ce ba ta waya ba. Autata Raliya ta ɗauko rubuce-rubuce gadan-gadan. Jiya ta tambaye ni ko in ta yi rajista ana aiko mata da mujalla duk wata za ta iya rubuta labari. Na buɗe baki zan amsa, sai na tsinci kaina a barandarka ta unguwar Dubeli, shekara talatin da biyu baya.

Ka tuna mujallar nan da muka haɗu muka yi wa rajista, mai zuwa daga Kaduna cikin ambulan ruwan ƙasa? Ni ke ɗauko ta a gidan waya na Jimeta, don ni ke da babur. Dokarka kuwa, ba mai buɗewa sai Kezia. Ta yanke shafin ƙarshe na labarin watan da reza, ta ɓoye a gwangwanin zarenta, mu karanta sauran, kowa ya je ya rubuto nasa ƙarshen. Ranar Asabar ta dafa shayi, ta fito da shafin, mu gwada. Kullum naka yana gabas, na mujallar yana yamma, mu yi ta dariya har maƙwabta su leƙo. Ban sake samun Asabar mai daɗin waɗannan ba.

Sai watan labarin masuncin nan. Nawa ya zo daidai da na mujallar, kusan har kalmomi. Ka daɗe kana kallona, ka ce ni aka haifa da abin, kai ɓata takarda kake yi. Daga ranar ba ka ƙara rubuta ko layi ɗaya ba, har aka yi maka canjin wurin aiki zuwa Numan.

Absalom, satar amsa na yi. Na tsaya wurin mai shayi, na kara ambulan ɗin a tururin buta, na karanta, na mayar na liƙe. So nake in burge ka ko sau ɗaya. Da na ga abin da na jawo, kunya ta ɗaure mini baki, shekara ta yi ta bin shekara. Ni na raba ka da alƙalaminka, kuma abin yana cina.

Ka yafe mini. Ka gaishe da Kezia.

Naka,
Hamajoɗa.

Yola,
28 ga Maris, 2024.

Aminina Absalom,

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Barkanku da shirin Ista, mu kuma azumi ya raba tsakiya.

Direban da na ba saƙon ya rantse a hannunka ya sa wasiƙata. Ke nan shirun naka ne, kuma ban ga laifinka ba. Sau biyu na ɗauki waya na ajiye.

Na sa an sauko mini da kwalin mujallun. Gara ta ci wasu, sauran suna nan, kowace ba shafin ƙarshe. A ciki na samu naka ƙarshen na labarin masuncin, da wannan rubutu naka mai kama da tafiyar kaza, wanda ka bari kan tabarma ranar na ɗauke. A mujallar, masuncin ya gano kwalekwalensa da ruwa ya tafi da shi, aka yi ta murna. A naka, ya tarar da shi hannun wani mutum yana hayewa da 'ya'yansa zuwa makaranta, ya yi musu sannu da aiki, ya wuce. Na karanta wa Raliya duka biyun ban faɗa mata na wane da wane ba. Naka ta ce in maimaita.

Littattafaina biyu da na wallafa ka gan su. Tun daga tsakiya mai karatu ya san inda zan sauka, domin abin da na koya a mujallar ke nan, yadda wasu suke ƙare labari. Kai kuwa ta koya maka inda za ka saɓa musu, mu da wautarmu muka ɗauka kuskure ne. Wannan ita ce amsar da na ba Raliya.

Ga takardarka nan na haɗo. Ko ba ka yafe ba, ka karanta ta.

Naka har kullum,
Hamajoɗa.

Yola,
17 ga Afrilu, 2024.

Absalom sobajo, aminina,

Gaisuwa da godiya. Mun yi Sallah lafiya, ina fatan kun yi Ista lafiya.

Saƙonka ya iso jiya. Ambulan an naɗe shi da salatif kamar kayan asibiti, Kezia ta sa hannu a kan maliƙar har wuri uku. Na gane, kuma na cancanta. Na zazzage ina neman wasiƙa, babu. Sai shafuka tara na sabon labari da rubutun hannunka, da kwanan watan makon jiya a sama, na goman an yanke shi da reza. A bayan ambulan ɗin kalma ɗaya tak da rubutun Kezia: Asabar.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka, tsofai-tsofai da ni, a gaban 'yata.

Raliya ta rubuta nata ƙarshen, ta hana ni gani. Ni na yaga uku, ina kan na huɗu, kuma wallahi ban san inda za ka kai wannan tsohuwa mai sayar da kifi ba. Rabona da jin daɗin rashin sani irin wannan tun Dubeli.

Motar farko za mu shigo ranar Asabar, in Allah ya kai mu. Ka ce wa Kezia ta ɗora shayi, amma ta ajiye butar nesa da ni.

Amininka,
Hamajoɗa.