Sajan Ya Ci Abinci, Baban Ngozi

Zuwa ga abokina kuma maƙwabcina, Baban Ngozi, duk inda kake.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Maman Ngozi da yara. Ni ne Garba kafinta na kwatas ɗin reluwe a Minna, wanda ɗakinsa ke jingine da naka. Ban san inda zan aika maka ba, shi ya sa na kai wa masu jarida su buga. Duk wanda ya san wani makaniken injin jirgi, gajere mai sanƙo, mai dariya kamar ana ta da babur, don Allah ya kai masa.

Albishirinka! Sajan ya ci abinci yau da safe. Wallahi ya ci, da idona na gani.

Masu karatu za su ce Garba ya zare, to bari in tuna maka daga farko, su ma su ji. Ka tuna ranar da ka sauko daga jirgin Ikko da garwa biyu a rufe, kowa ya ɗauka manja ne, ashe ruwan teku ne da 'yan kifaye biyu masu ratsin baƙi da rawaya. Ni na haɗa maka akwatin da za su zauna, kai ka sa gilashi ka liƙe. Babban ka sa masa Sajan, don igiyoyin jikinsa sun fi na kowane ɗan sanda a garin nan. Ƙaramar kuma Madam, saboda ba ta kula kowa. Wata tsohuwa mai sayar da doya ta daɗe tana kallonsu, sannan ta tambaye ka ranar da za a soya.

Ranar da gari ya rikice kuka tafi da kayan jikinku, ni na raka ku tasha. Ba ka yi zancen gado ba, ba ka yi zancen keken ɗinkin matarka ba. Ka leƙo ta taga ka ce da Hausarka mai mayar da kowa namiji, "Malam Garba, kifi nawa, ka rike shi. Ni zai dawo."

Shekara ta huɗu ke nan ina riƙe da su. Safe da yamma ina hura robar cikin tayar mota da famfon keke, tana tsiyaya musu iska kamar yadda ka koya mini. Ruwa kuma daga Ikko yake zuwa hannu da hannu, wannan ma'aikaci ya miƙa wa wancan, ta Jebba ta Zungeru har ƙofar ɗakina. Duk layin nan an san garwar Garba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun da labarinka ya yanke, na ƙudurta a raina cewa muddin kifayen nan suna iyo, kana raye. Na san ba addini ba ne, liman ya ji sai ya yi mini faɗa. Amma zuciya ta riga ta kama, na kasa ɓamɓare ta.

Farkon daminar nan wani abokin aikinmu ya so ya faranta mini, ya jefo wani ɗan kifi a garwar don tsaraba. Ni kuma na juye shi cikin akwatin ina godiya. Ba a jima ba sai ga fararen ɗigo-ɗigo a jikin Sajan, kamar an barbaɗa masa tsaki. Ya riƙa goga jikinsa da dutse yadda akuya mai ƙazwa ke yi da katanga, yana haki. Madam ma ta kamu. Na zuba musu dakakken jatan lande, ko kallo bai ishe su ba.

Ka san mu a Minna. Ciwon maƙogwaro, gishiri. Ka yanke a yatsa, gishiri. Wani masunci daga Wushishi ya zo ya duba, ya ce su ma idan kifin kogi ya yi irin wannan, ruwan gishiri suke tsoma shi ya warke, kuma gaskiyarsa ya faɗa a kan kifin kogi. Duk kwatas aka haɗu a kan haka. Na sayo gishiri na narka na zuba da hannuna, ina bismilla.

Baƙon kifin ya mutu. Madam ta maƙale a lungu, Sajan ya koma ƙasa ya lafe. Baban Ngozi, ni da na cije ban yi kuka a tasha ba, sai ga ni durƙushe gaban akwatin gilashi hawaye na zuba, don a raina kai nake gani kwance.

Maiɗakina, Maman Asabe, ita ta fusata. Ta ce, "Abin da aka haifa cikin gishiri, ya kwana cikin gishiri, shi za ka ƙara wa gishiri? Ko miya ce ai ruwa ake ƙara mata!" Ta ɗebo ruwan sama a ƙwarya, ta bari sanyinsa ya yi daidai da na akwatin, ta kwaso Sajan da ludayi ta tsoma shi. Ya kife a gefe ɗaya! Na yi ihu na ce ta kashe shi. Ko kallona ba ta yi ba, ta ba shi kamar tsawon alwala, ta mayar da shi. Ya lafe a ƙasan akwatin, can sai ya miƙe, hakin ya ragu.

A nan maganarka ta faɗo mini. Wata rana muna zaune a inuwar mangwaro ka ce, "Kwaro na teku ba ya son ruwan sama. Kifi zai jure, kwaro ba zai jure." Na ɗauka irin surutunka ne na bayan cin abinci.

Sai muka mayar da su babban baho, da ruwan teku wanda ba a taɓa ba. Kullum mu rage kaɗan, mu cike da ruwan sama, a hankali don kada su firgita. Ma'auninmu harshen Maman Asabe ne. Ta lakata ta ɗanɗana ta ce saura, gobe ta ce saura, har ranar da ta ce yanzu ya zama miyar da hannu ya ɗan zarce, a tsaya nan.

Ɗigon ya ɓace, na yi ta tsalle, sai kuma ya dawo. To a nan kafintancina ya yi rana. Na ce wannan halin kuɗin cizo ne: ya sha jini ya sauka ya ɓuya a tsagin gado ya hayayyafa. Na kwashe duwatsu da yashin akwatin na shanya a kan rufin kwano, na bar akwatin fayau babu kifi. Muka samo baho na biyu, muna sauya musu, wanda suka bari a ƙona shi da tafasasshen ruwa. Makonni muka yi a haka, har mata suka daina aron bahonmu. Da jikinsu ya daɗe tas, muka riƙa mayar da ruwan teku kaɗan-kaɗan yadda muka rage shi.

Jiya suka koma akwatinsu. Yau na zuba abinci, Sajan ya taso kamar an harbo shi, ya wawure nasa, ya bi Madam ya ƙwace nata, ya kore ta daga bakin dutsensa. Mugun halinsa duk ya dawo! Na fita da gudu babu hula har shagon injuna ina shela, mutanen da suka yi aiki da kai suka ajiye sifana suna tafi.

Yaƙi ya ƙare, mutanenku sun fara dawowa, Baban Ngozi. Duk jirgin da ya shigo daga Kaduna ina bakin tasha, ina leƙa tagogi ina neman sanƙonka. Wani ya ce ya ga mai kama da kai, wani ya ce ba kai ba ne. Ka zo ka karɓi kayanka, ɗan'uwana, kafaɗata ta gaji da bugun famfo, kuma na yi kewarka ƙwarai. Keken ɗinkin ma yana nan, ana sa masa mai.

In kuwa ba kai ke karanta wannan ba, in ke ce Ngozi, to ki zo, 'yata. Kifin babanki ne, ɗaki kuma akwai.

Allah ya tsare ku duk inda kuke, ya warkar da abin da ya yi ciwo, ya sa ƙafarka ta sake taka dandamalin tashar Minna ina tsaye. Amin.

Naka mai jiran jirgin gobe,
Garba Kafinta