Hauwa a Ƙarƙashin Gada

Daren Laraba, Ƙofar Marusa

Yau aka gwada gadar da Hauwa ta zana. Tifa shida maƙare da yashi suka hau, ita kuma 'yar tawa ta sa hular kwano ta shige ƙarƙashi, wai tana auna ko za ta lotsa.

Na ce, "Uwata, fito! Daga nan ba a aunawa?"

Ta ce, "Baba, na yi lissafina. Taho ka sha inuwa."

Ni da lissafi ya kora daga aji uku? Na tsaya nesa ina salati. Gada ko gezau.

Alhamdu lillahi. Har yanzu tuwo ya ƙi shiga, amma gobe 'yan majalisarmu sai sun gaji da bakina.